Isma'ila da Shaidar Shanun Kurfai

Ranar Lahadi, 21 ga Afrilu 2024, ranar kasuwar Filinge, ita ce rana ta ƙarshe da ɗana Isma'ila ya yi da lafiyarsa. Na sha bin ta a zuci sa'a bayan sa'a, kuma ga ta yadda na riƙe ta.

Da asuba mun tafi masallaci tare, shi a bayana da taku biyu kamar kullum. Ƙarfe shida da rabi ya hau tsani ya goge farantin hasken rana da ke kan ɗakinsa, wanda da shi yake cajin kwamfutarsa idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ƙarfe bakwai ya sha kunu a tsaye, uwarsa Halima na yi masa faɗan cewa ba bara ya zo gidan ba. Bakwai da rabi ya rataya jakar kwamfutar, ya saɓa ɗan teburinsa mai naɗewa, ya nufi kasuwar bisashe.

Ƙarfe goma na bi shi can, abin da ban saba yi ba. Rakiya na yi wa wani baƙo, Mushe Zakari (Mushe muke ce wa malami ko ma'aikaci ɗan boko), ma'aikacin wani porje, wato shirin tallafi, mai kula da kiwo, wanda ya taso daga Yamai musamman don ya gan shi. Abin da ya kawo shi shi ne rajistar da Isma'ila ya haɗa cikin kwamfutar: shaidar bisashen makiyayan ƙasar Kurfai, wato tsagar kunne da zanen wuta da kowane gida ke yi wa dabbobinsa, tare da muryar mai su da lambar wayarsa, don a gane dabba in ta ɓace. Porjen na son ya karɓi rajistar ya zuba ta cikin wani babban tsari da wani kamfanin ƙetare ke gina musu. Shi kuma Isma'ila za a ba shi ofis a Yamai da kwantaragin shekara biyu.

Isma'ila ya saurari baƙon har ƙarshe, ya sa aka kawo masa fura. Sannan ya ce tsarin da ya rubuta zai iya nuna musu yadda yake aiki, kyauta, amma abin da ke ciki ba nasa ba ne balle ya bayar. Mushe Zakari mutumin kirki ne, bai matsa ba. Ya ce a yi tunani, zai dawo.

Ƙarfe ɗaya da rabi, bayan azahar, muna cin dambu a zaure, na yi masa maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce shekara uku ke nan yana zaune, ga aiki ya biyo shi har gida ya kore shi.

Ya ajiye cokali ya ce, "Ba zamne nike ba, Baba."

Muka ƙarasa cin dambun. Ƙarfe uku ya koma kasuwa. Bayan la'asar, kamar yadda na ji daga baya, ya gano mai wata karsana da aka tsinta a fadama kwana tara da suka wuce: wata tsohuwa ce daga Damana, aka kira ta a waya ta turo ɗanta. Ƙarfe shida da rabi ya dawo da cuku biyu da wani ya ba shi, ya miƙa wa uwarsa. Bayan magariba ya ce wuyansa na ɗan riƙewa, ya ɗora laifin a kan sunkuyon da ya wuni yi. Bayan isha'i ya leƙo ɗakina ya ce sai da safe, na amsa masa ban ɗago daga littafin da nake karantawa ba.

Litinin zazzaɓi ya rufe shi. Talata da safe muka kai shi asibiti, aka ce sanƙarau ne. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na shaida. Ranar Laraba, kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa talatin da biyu.

Ya bar mini kwamfutar nan da amanar mutanen da ke cikinta, kuma saura kaɗan in bayar da ita. Kafin in faɗi yadda aka yi, sai na faɗi ko wane ne shi.

Ni malamin lissafi ne. Na yi jami'ar Yamai, na koyar shekara talatin da ɗaya, mafi yawansu a nan Filinge, har mutanen garin suka manta sunana suka bar ni da Mushe. A gidan irinmu, aiki shi ne wanda ke da ofis da lambar ma'aikaci da ƙarshen wata. Sauran duk neman abinci ne. Da wannan ma'auni na reni Isma'ila, kuma bai ba ni wahala ba. Yaro ne mai ƙarancin magana, mai son kowane abu ya zauna wurinsa. Yana aji uku a kwaleji ya fara buga mini takardun jarrabawa a shagon wani mai kwamfuta kusa da tasha. Sai da aka daɗe na lura yana gyara mini kuskure a cikinsu bai taɓa faɗa mini ba.

Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ni ne na zaɓa masa karatun kwamfuta. A lokacin kowa cewa yake wannan ilimi ba ya kwana a hannu, duniya duk can ta nufa. Ya yi karatunsa a Yamai, ya fito da sakamako mai kyau, cikin 2016 ya sami aiki a wani kamfani da ke kula da na'urorin bankuna da manyan kantuna. Na sa aka yi wa takardar ɗaukarsa aiki gilashi, na rataye a zaure.

Shekara huɗu ya yi a can. Cikin 2020 sababbin masu kamfanin suka yanke shawarar miƙa aikin ga wani kamfani a Indiya, wanda ke yi wa ƙasashe da dama irinsa a lokaci guda daga ɗaki ɗaya. Ba wanda ya ce Isma'ila bai iya ba. Shi ma aka zaɓa ya koya wa waɗanda za su gaje shi, wata uku yana zaune gaban allon kwamfuta yana nuna musu inda kowane abu yake. Ya ce mini samari ne kamarsa, masu ladabi, ɗaya har ya nuna masa hoton jaririyarsa. Ban taɓa jin ya zage su ba. Da watannin suka cika aka sallame su su goma sha ɗaya.

Ya zauna Yamai kusan shekara yana kai takardu. Duk inda ya je amsar kusan ɗaya ce: manyan ayyukan an ba ƙetare, abin da ya rage a gida shi ne jan waya da canja tawadar injin buga takarda, kuma ko su akwai masu digiri hamsin a layi. Maganar aurensa da aka fara ta tsaya a nan. Cikin 2021 ya shigo motar Filinge da akwati ɗaya da jakar kwamfuta.

Da farko ya sami wani aikin ta intanet. Wani kamfani da bai taɓa ganin kowa nasa ba yana turo masa hotunan titunan wasu birane, shi kuma yana zana akwati a kan kowace mota da kowane mai tafiya a ƙasa, don a koya wa na'ura gane su. Wata rana na tsaya a bayansa ina kallo, na tambaye shi wannan wane irin aiki ne. Ya yi dariya ya ce, "Baba, yanzu ni ne ƙetaren wani. Akwai wanda aka sallama can don ni." Bayan wata takwas shi ma wannan ya ƙafe. An sami wata ƙasa da ta fi mu sauƙi.

Rajistar ta faro ne daga saniyar uwarsa. Halima na da saniya ɗaya da ta gada, tana hannun Sambo, wani dattijon makiyayi da ke riƙe wa mutanen gari da dama bisashensu. Da damina ta ɓace. Isma'ila ya bi Sambo cigiya kwana shida, ƙauye bayan ƙauye, ya ga yadda ake yi: a faɗa wa mai gari, a faɗa wa dillalai, a ba Issa mai shela goro ya zaga kasuwa da lasifikarsa yana kwatance. Aka same ta daga ƙarshe a hannun wani da ya tsince ta tun rana ta biyu, yana ta cigiyar mai ita a wata kasuwar daban. Mai nema da mai tsintuwa sun yi kwana huɗu suna wuce juna.

Ya yi wata guda yana rubuta tsarinsa, ya fita da tebur ranar kasuwa. A nan ya yi kuskuren da ɗan ma'aikaci kaɗai zai yi. Ya tsara tambayoyin kamar takardar gwamnati: suna, gari, sannan yawan bisashe. Mutum bakwai suka zauna gabansa ranar, duk suka tashi a tambaya ta uku. Lahadi ta biyu ba wanda ya zo. Sambo ne ya ji tausayinsa ya zauna ya ce masa:

"Ɗan Mushe, mi kaka nema da yawan shanuna? Ko ni ban ƙidaya su, sanin su nika yi. Wanda ya tambayi yawan shanu, ko mai haraji na ko mai baƙin ido. Kai wane ne ciki?"

Isma'ila ya goge tambayar a gabansa. Ya goge jerin launukan da ya rubuta da Faransanci, ja da fari da baƙi, domin Sambo kaɗai na da suna fiye da ashirin na launin saniya. A madadinsu ya sa hoton kunnuwa biyu wanda mutum zai nuna da yatsa inda yake tsagawa, sannan ya bar shi ya kwatanta dabbarsa da bakinsa, da Hausa ko Fillanci ko Zabarmanci, a naɗe muryar. In an tsinci dabba, ko dillali ya ga wadda bai yarda da mai sayar da ita ba, sai a ɗauki hoton kunnen a turo masa ta waya, shi kuma ya duba ya kira mai ita. Bai yanka wa kowa farashi ba. Wanda ya sami abinsa ya kan kawo abin da ya sauƙaƙa, nono ko cuku ko ɗan akuya, kuma da wannan da gyaran wayoyi da buga takardu yake ɗauke da kansa, har da cefanen gidan wani lokaci.

Issa mai shela ya yi fushi da farko, yana faɗa a kasuwa cewa ɗan Mushe ya zo da akwatin da zai raba shi da tuwonsa. Isma'ila ya same shi ya ce masa akwatin ba shi da maƙogwaro, in an gano mai dabba kuma wayarsa ba ta shiga, wa zai faɗa kasuwa ta ji? Daga nan suka zama abokan aiki. Issa ya haura hamsin, a aji shida ya bar lakwal, wato makarantar boko, amma Isma'ila ya zaunar da shi Lahadi bayan Lahadi har ya iya buɗe rajistar da kansa. Yana kiransa Kawu Issa, shi kuma yana kiransa Daraktan Kunnuwa.

Duk wannan ina da labarinsa sama-sama. Amma shekara ukun nan, in wani tsohon abokin aiki ya tambaye ni ina Isma'ila, amsata ɗaya ce: yana gida, yana jiran aiki. Na faɗa a gabansa ma, ba sau ɗaya ba.

Ranar jana'iza na ga mutanen da ban sani ba. Washegari suka ƙaru. Sun zo daga Damana da ƙauyukan arewa da rugage, wasu tafiyar wuni a ƙasa cikin zafin Afrilu, suka jingine sandunansu a bangon gidana suka zauna. Ba su da yawan magana. Kowa ya yi gaisuwa sai ya faɗi abin da aka maido masa: bijimi, tumaki uku, raƙuma mai ciki. Tsohuwar Damana mai karsana ta zo da ƙwaryar nono a ka, ta shiga wurin Halima ta wuni. Ina gode musu duka, waɗanda na riƙe sunansu da waɗanda ban riƙe ba.

Mushe Zakari ya dawo ranar sadakar bakwai. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sai da zai tafi ya ce mini porjen na nan kan bakansa. In na yarda na ba su kwamfutar, za su sa wa wannan sashen tsarin sunan Isma'ila, a rubuce, a duk jihohin da za a yi amfani da shi. Ya kuma ce aikin alheri ne, zai taimaka wajen rigakafin bisashe, kuma na san gaskiya ya faɗa. Liman ya riga ya gaya mana gadonsa namu ne ni da uwarsa, Halima kuma ta ce in yi yadda na gani. Na ce wa baƙon ya dawo bayan mako biyu ya karɓa. Abin da na yi shekara uku ina nema ke nan, sunan ɗana a kan takardar hukuma, kuma na gaya wa kaina girmama shi nake yi.

Kafin ranar na so in cire hotunan iyali da ke ciki. Na buɗe kwamfutar ta nemi kalmar sirri, ban sani ba. Sai da na aika aka kira Issa. Ya zo ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar zaure, ya buga ta da yatsa ɗaya. Na ce ya nuna mini rajistar in ga abin da ake magana. Ya taɓa hoton wasu kunnuwa, sai na ji muryar Isma'ila.

Cewa yake: "Wagga magana tsakanina da kai ta. Ba mai jin ta sai don cigiyar bisanka. Ba ni ba gwamnati, ba ni ba baƙo. Ka yarda?" Sai muryar Sambo ta ce ya yarda, ya shiga kwatanta wata saniya.

Na ce Issa ya taɓa wani. Maganar ɗaya ce, sai wata murya ta amsa. Na ce ya taɓa wani. Issa ya gaya mini ba wanda Isma'ila ya taɓa naɗa bai fara da wannan ba, kuma gidajen da ke ciki ɗari huɗu da goma sha bakwai ne. Mun saurari wajen goma sha biyar. A wasu muryarsa a gajiye take, a wani yana danne dariya saboda jaki na kuka kusa da su. Daga nan na ce ya rufe.

Lahadin da ta biyo na tafi kasuwar bisashe na sami Sambo. Na gaya masa komai, har da cewa na riga na yi wa baƙon alkawari. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa kafin ya ce:

"Mushe, akwatin naka na, gado na. Kunnuwan da ke ciki namu na. In ka ba su, ba mu ce maka komi, ɗanka ya wuce haka gare mu. Sai dai gobe in wani ɗan lakwal ya aza tebur nan, ba mai zama gabanshi."

Na tambaye shi me suke so a yi. Ya ce ba su so a yi komai, cigiya dai ba ta ƙare ba, makon nan kaɗai an tsinci maruƙa biyu ba a san masu su ba.

Daga kasuwar na kira Mushe Zakari na ce masa na janye maganata, na ba shi haƙuri a kan wahalar da na sa shi. Na ce masa alkawarin ɗana ya riga nawa, kuma sau ɗari huɗu da goma sha bakwai ya yi shi. In porjen na son shaidar wani, kasuwa na ci kowace Lahadi, su zo su tambayi mai ita. Ya ce shi ma mahaifinsa na da shanu, ya gane. Ya ƙara da cewa za a gina tsarin can ƙetare ko da mu ko ba mu, kuma ba zai ɗauki sunan kowa na nan ba. Na ce na sani.

Bayan sadakar arba'in muka fitar da kayansa. Tufafinsa Halima ta wanke ta ninke, aka raba wa mabukata a unguwa, sai riga ɗaya da ta riƙe ban tambaye ta dalili ba. Littattafan karatunsa na kai wa lise, babbar sakandaren garin, ko da yake malamin da ya karɓa ya ce mini rabinsu sun riga sun tsufa. Kayan gyaran waya na ba wani abokinsa mai shago a tasha. Katifa da fanka suna ɗakin, na baƙi ne yanzu.

Kwamfutar da wayarsa da farantin hasken rana da teburin, na kai su kasuwa da kaina na damƙa wa Issa a gaban Sambo da sarkin dillalai da liman, da sharaɗin cewa na masu bisashen ne, shi mai riƙo ne, kuma duk wanda zai naɗa sai ya fara da abin da aka saba farawa da shi. Ba a canja lambar wayar ba, ita mutane suka sani. Na faɗa musu gaskiya cewa na'ura ce, wata rana za ta lalace, kuma ba ni da tabbacin za a sami wanda ya san cikinta kamar mai ita. Sambo ya ce shanu ma mutuwa suke yi, ba ta hana kiwo ba.

A ƙarƙashin katifarsa muka sami wani littafin rubutu mai bango kore, cike da zanen kunnuwa da fensir, kowane da sunan gida a ƙasa. Na nuna wa Sambo in ji ko shi ma nasu ne. Ya duba shafi uku ya ce waɗannan na koyo ne, rabinsu ma ba daidai ba ne, in riƙe abina. Yana cikin aljihun teburina.